Tambayi Anti: Tsimammiyar Kokwamba da Ruwan Khal Mara Takarda

Tun da na ambaci tsima kayan lambu a ruwan khal a ajiye a firij, wasiƙu suka yi ta shigowa a kansa. Na zaɓi bakwai. Waɗanda suka tambayi abu ɗaya na haɗa su a amsa guda.

*Anti, ina gaisuwa. Na ci tsimammiyar kokwamba mai tsami da garɗi a gidan wata ƙawata, ina so in yi, amma ina tsoron in haɗa abin da zai ɓata wa maigida ciki. Ban daɗe da aure ba. Me zan saya, kuma yaya ake yi? — Wata amarya*

'Yata, kwantar da hankalinki. Tsoron nan naki shi ne zai sa ki yi shi daidai, kuma aikin bai kai dafa abincin rana wahala ba. Abin da za ki saya huɗu ne: kokwamba ƙanana masu tauri, farin ruwan khal (wasu na ce masa binega) wanda aka rubuta 5% (wato ƙarfin tsaminsa) a jikin kwalbarsa, gishiri, da sukari. Ki zuba kofi ɗaya na khal da kofi ɗaya na ruwa a tukunya, babban cokali ɗaya na gishiri, ɗaya na sukari, ki ɗora a wuta har su narke. Tukunyar ta zama ta ƙarfe mara tsatsa. Ta alminiyam ko ta tagulla tsami na cin ta, sai ki ji ƙarnin ƙarfe a bakinki.

Ki wanke kokwambar sosai, ki yanke ɗan bakin da fure ya fito, kamar milimita 2 kawai, ki yar. A wannan bakin ne sinadarin da ke sa ta laushi yake taruwa. Ki yayyanka, ki jera a wankakkiyar kwalba da tafarnuwa biyu da ɗan barkono, ki bar ruwan ya ɗan huce kada kwalbar ta tsage, sannan ki zuba har ya rufe komai. Da ya huce, sai firij. Ki ba shi kwana biyu kafin ki ɗanɗana, ki kuma cinye cikin wata ɗaya, kina ɗiba da cokali mai tsabta, ba da yatsa ba. Karas da kabeji da albasa duk haka ake yi musu. Jar albasa ma cikin awa ɗaya ta yi, za ki ga ta koma launin hoda mai ban sha'awa.

*Anti, na ga tallar wani saitin kayan aiki a intanet: kwalabe shida, da na'urar zuƙe iska, da tukunya ta musamman. Uwargida ta ce in saya mata. Ya dace? — Wani magidanci*

Malam, idan kuɗin ne suka yi maka yawa, ka ƙaro mata kokwamba. Waɗannan kaya na masu dafa kwalba ne a tafasasshen ruwa don su ajiye ta shekara a kan kanta, wani aiki ne daban da dokokinsa daban. Na firij ba ya buƙatar a zuƙe masa iska. Kwalbar jam ko ta mayonis da aka cinye ta isa, in an wanke ta da sabulu da ruwan zafi. Murfin kawai za a duba: idan rufin cikinsa ya kankare ko ya fara tsatsa, a canja, domin khal ba ya raga wa ƙarfe.

*Anti, ruwan khal na kamfani ya yi tsada. Akwai mai sayar da wani a robar ruwa, ba takarda a jiki, rabin kuɗin wancan, kuma tsaminsa har hawaye yake sa wa. Ai khal khal ne ko? Sannan idan na ƙara ruwa kashi uku, ba zai fi auki ba? — Maman yara huɗu*

Ƙanwata, zauna, domin wannan ce wasiƙar da ta hana ni barci.

A cikin wannan haɗin gaba ɗaya, abu biyu ne ke tsare lafiyar 'ya'yanki: ƙarfin tsami da sanyin firij. Gishirin da sukarin da muke sakawa ba su kai yawan da za su adana komai ba, ɗanɗano ne kawai. Kokwamba ita kanta ba ta da tsami, kuma kusan kashi 95 cikin 100 nata ruwa ne. Idan kika haɗa khal mai 5% da ruwa daidai wa daida, ya riga ya sauko 2.5%. Sai kuma kokwambar ta saki nata ruwan a ciki, ya ƙara sauka. Wannan lissafin an yi shi ne a kan cewa kin fara da 5%. To, wannan na roba nawa ne? Mai sayarwar bai sani ba, wanda ya ba shi sari ma wataƙila bai sani ba. Ke kuma kina so ki ƙara masa ruwa kashi uku.

Masana suna auna tsami da ma'aunin da suke kira pH, kuma iyakar da suka ja ita ce 4.6. Ƙasa da wannan, ƙwayar cutar da ake kira Clostridium botulinum ba ta iya tsirowa. Sama da shi, a cikin rufaffiyar kwalba da ba iska, in ta samu ɗumi, gidanta ke nan. Ƙwayar tana cikin ƙasa, tana zuwa a jikin kayan lambu, kuma tafasa ɗaya ba ta kashe irinta. Wani masani ɗan Beljiyam, Emile van Ermengem, shi ya fara gano ta bayan wasu makaɗa sun ci gishirtaccen nama a garin Ellezelles a 1895, uku daga cikinsu suka mutu. Abin da ya sa nake jin tsoronta shi ne dafinta ba lallai ya yi wari ko ya canja ɗanɗano ba. Yawanci bayan awa 12 zuwa 36 mutum zai fara ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta saki, haɗiya ta gagara. Ba na cewa kowace kwalba mai raunin tsami za ta kai ga haka, cutar ba ta da yawa. Amma raunin tsami da katsewar sanyi idan suka haɗu a kwalba ɗaya, an buɗe mata ƙofa, kuma ban ga canjin da za ki rage da zai biya wannan ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

Batun hawaye kuwa, hanci ba ma'auni ba ne. Khal mai 3% ma yana sa atishawa. Wasu sun ce suna gwadawa da garin soda na girki (baking soda), in ya yi kumfa ya yi kyau. Ruwan lemun tsami da aka tsinka ma yana kumfa. Kuma haɗarin ba ta fuskar rauni kaɗai yake ba. Akwai khal na goge-goge, mai 6% zuwa sama, wanda ba a yi shi don ciki ba. Akwai kuma tataccen asid ɗin khal da ake sayarwa mai 25% a Jamus, mai 70% a Rasha, wanda ke ƙona baki da maƙogwaro in an sha shi haka. Na 25% sai an sa masa ruwa kashi huɗu kafin ya dawo 5%, na 70% sai kashi 13. Mai cika robobi a bayan shago yana iya sayen irin wannan ya tsinka da ido, yau ya yi ƙarfi, gobe ya yi salam, kuma wa ya ga ruwan da ya tsinka da shi? A Amurka, abin da bai kai 4% ba ba a yarda a kira shi khal ba. A Ingila, wanda aka haɗa da asid da ruwa da kala doka ta hana a sa masa sunan khal, dole a ba shi wani suna. Ba don son wahala suka yi waɗannan dokoki ba.

Ni ma na taɓa faɗawa. Wata shekara na sayi irin na robar nan don araha, na cika kwalba biyar. Kafin mako ya zagayo ruwan ya yi duhu, kokwambar ta yi yauƙi, murfi ɗaya ya kumbura. Na zubar da khal, da kayan lambu, da gishiri, da sukari, da yinin da na ɓata. Na ci sa'a ɓacin ya fito fili. Araha ba ta ado.

Saboda haka ki sayi mai takarda, mai sunan kamfani, mai murfin da ba a taɓa buɗewa ba, ki nemi lambar nan ta 5% da idonki. In babu lamba, ajiye musu. Wanda wata ta haɗa a gida da ɓawon tuffa ma, ki zuba shi a kan salak, amma kada ki adana abinci da shi, domin shi ma ba wanda ya auna shi. Idan tsamin ne ya yi wa yara yawa, ki ƙara sukari, kada ki ƙara ruwa. Idan kuɗin ne, ki yi kwalba ɗaya maimakon uku.

*Anti, na shiga uku! Tafarnuwar da ke cikin kwalbata ta koma shuɗiya, kuma ɗana ya riga ya ci. Guba ce? — Uwa mai fargaba*

Share hawayenki, 'yar uwa, babu abin da zai same shi. Tafarnuwa na da sinadaran farar wuta a cikinta, idan suka gamu da tsami wani lokaci sukan rikiɗa su ba da shuɗi ko kore. Launi ne kawai, ana ci. Alamun da za su sa ki zubar su ne yauƙi, furfura a saman ruwa, wari, ko murfi ya kumbura yana huci in an buɗe. In kin ga ɗaya daga ciki, ki zubar ba tare da kin ɗanɗana ba. Abin da zan ja miki kunne a kai game da tafarnuwa shi ne nutsa ta ɗanya a cikin mai a bar ta a waje. Wannan ne mai haɗari na gaske, domin mai ba shi da tsami kuma yana toshe iska.

*Firij ɗina ya cika. Tun da khal na kashe ƙwayoyin cuta, ba zan iya ajiye kwalaben a kabad ba? — Wani ɗalibi*

Ɗana, sunan abin ma na firij ne. A'a. Kwalbar da kake gani a jere a kanti an dafa ta a rufe har iska ta fita, taka kuwa ba a yi mata haka ba. Firij ɗin ma ya zama yana kan digiri 4 a ma'aunin Salshiyas ko ƙasa da haka, kuma ka sa kwalbar can ciki, ba a jikin ƙofa ba inda ɗumi ke shiga duk buɗewa. Idan wuta ta ɗauke, rufaffen firij na riƙe sanyinsa kamar awa 4. Haɗin da aka yi da khal na ƙwarai ya fi madara da nama juriya, amma wanda ya san firij ɗinsa kan yini a kashe, ya yi kaɗan, wanda zai ƙare cikin kwana biyu ko uku. Masu juna biyu da tsofaffi su fi kowa kiyayewa, domin akwai wata ƙwaya, Listeria, da sanyin firij ba ya hana ta yaɗuwa, rage mata gudu kawai yake yi.

*An ce tsimammiyar kokwamba na narkar da teɓa, tana kuma gyara hanji. Kwalba nawa zan ci a mako? — Mai son rage ƙiba*

Wa ya ce? Masu amfani ga hanjin da kika ji ana faɗa su ne waɗanda aka bari a ruwan gishiri suka yi tsami da kansu, ƙwayoyin halitta masu rai suka yi aikin. Namu khal ne muka zuba masa da zafi, ba wani mai rai a ciki. Teɓa kuma ba ta san da zamansa ba. Abin da ke ciki da yawa gishiri ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya, duk abincinsa a haɗe. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya ci yanka biyu ya ajiye cokali. Mai gyambon ciki kuwa cikinsa zai ba shi amsa tun kafin ni.

*Anti, mun cinye kokwambar, ruwan ya rage rabin kwalba. In sake zuba sabuwa a ciki? Kuma me ya sa ruwan nawa ya yi fari-fari tun ranar farko? — Hajiya mai tattali*

Hajiya, ranki ya daɗe, na yaba da tattalin, amma ruwan nan ya riga ya sha ruwan kokwambar farko, ƙarfinsa ba kamar da ba. In za ki yanka albasa a ciki ku ci yau ko gobe, babu laifi. Ki kuma yi miyar salak da shi, ko ki jiƙa kaza a ciki cikin firij kafin ki gasa. Sabuwar kokwambar da za ta yi makonni kuwa, sabon ruwa za ki haɗa mata.

Farin da kika gani tun ranar farko yawanci daga gishiri ne. Gishirin tebur ana sa masa wani sinadari da ke hana shi dunƙulewa, shi ne ba ya narkewa, ya dagula ruwan. Ba ya cutarwa. Garin kayan ƙamshi ma na yin haka, shi ya sa nake sa citta yanka-yanka, kanumfari kuma ƙwaya-ƙwaya. In kina son ruwa garau, ki nemi gishirin da takardarsa ta nuna ba a haɗa shi da komai ba. Duhun da ya zo daga baya, bayan ruwan ya yi kwanaki yana garau, shi ne za ki kai bola.