Ka bar kafiretar nan ta huta tukuna

Jiya da la'asar ka same ni a ƙarƙashin mota ka ce, "Oga, a-kori-kurar mai hatsin nan, Peugeot 504 ɗin, tana karkarwa a sulo, tana misin, wutarta na tsallake, in sauke kafireta in wanke?" Na ce ka bari sai da safe. To ga safiya ta yi, ajiye sukundireban nan ka matso.

Na san abin da ya kai hankalinka kan kafireta. Ita ce a sama, ita ido ke fara gani in an ɗaga bonet, ga kuma ƙusoshi biyu masu daɗin murɗawa. Amma yi tunani, yaro. Kafiretar nan ƙirar Solex, mai haɗa fetur da iska, guda ɗaya ce, silinda huɗu take ciyarwa daga akushi ɗaya. In abinci ne ya lalace, duk gidan za su yi ciwon ciki. In kuwa mutum ɗaya ne kaɗai ke kwance, ai ba tukunya za ka tuhuma ba. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka fara sanin silinda ɗaya ce ta mutu ko dukkansu ne ke tangaɗi.

Tayar da ita, ka bari ta yi zafi, ka zagaya baya ka tsuguna wajen salansa. In ka ji "fut… fut… fut" yana zuwa a kan ƙa'ida kamar mai kirga kuɗi, silinda ɗaya ce. In kuma yana zuwa barkatai, yanzu biyu, an jima shiru, to abin na gayya ne, ko iska ko mai ko distiributa mai raba wa fulogai wuta. Sannan ɗauki 'yar takarda ka kara a bakin salansar. Hayaƙi turo ta ya kamata ya riƙa yi. Ka ga tana komawa tana manne wa bakin bututun lokaci-lokaci, ka sa alamar tambaya a kan bawul ɗin hayaƙi, wataƙila ya ƙone.

Daga nan ka dawo gaba da filaya mai roba a hannu, ka zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya tana aiki. Kada ka kama da hannu, ni na taɓa yi ina yaro, har yau ina tuna yadda gwiwar hannuna ta doki bonet. Wadda ka zare injin ya ƙara durƙushewa, wannan silindar tana aiki, mayar mata. Wadda ka zare bai ko san ka zare ba, ga mara lafiyarka nan. Wannan dabara ta tsofaffin motoci ce masu kwantak, ɗan makunnin nan da ke buɗewa da rufewa a cikin distiributa, kada ka je ka yi wa mai kwamfuta ka jawo mana biyan kuɗi. Kuma ka tuna Peugeot daga baya suke kirga silinda, lamba 1 tana wajen kuloci, wuta kuma tana bin 1-3-4-2. Na sha ganin motar da aka yi kwana biyu ana wahala da ita, ashe wani ne ya wanke inji ya sauya wayoyi biyu.

To ka samo silindar, kwance fuloginta. A 504 fulogi a cikin rami mai zurfi yake zama, leƙa da tocila tukuna, don baƙin mai kan tsiyaya ya taru a ramin ya riƙa sace wuta. In ka fito da shi kada ka yi saurin gogewa, karanta shi, shi kaɗai ne ya shiga ɗakin ya ga abin da ke faruwa. Ruwan ƙasa-ƙasa kamar gasasshen burodi, lafiya lau. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa, ko ta ringi ko ta wajen bawul. Fari fat, iska ta fi mai yawa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ka ga guda ɗaya tas kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa sun yi dauɗa. Ruwan lagireto ne ke shiga yana wanke shi, ka ga zancen gaskit ya taso ke nan.

Sai ka yi musaya. Kai fulogin wata silindar, ka kawo nata nan. Ciwon ya bi fulogi, magana ta ƙare a kuɗi kaɗan. Bai bi ba, yi haka da waya. Wayoyin kuma in kana son ganin asirinsu, tayar da mota bayan isha'i a inda babu fitila, za ka ga shuɗin wuta na tsalle daga inda robar ta tsage. Buɗe murfin distiributa ka duba siririn layi baƙi kamar zanen fensir, da damina ya fi nuna halinsa. Kwantak kuma tsakaninsa 0.4 na milimita ne, in ya haɗe sulo ba zai taɓa zama ba.

Akwai wata alama da nake so ka riƙe. In tana karkarwa a sulo amma da ka taka totur sai ta ware sumul, nemi ɓarauniyar iska. A sulo inji ɗan mai kaɗan yake sha, 'yar ƙaramar kafa ta isa ta ɓata masa lissafi. Bi tiyon da ke zuwa bustar birki, matse shi da filaya, in injin ya natsu ka kama ɓarawo. Fesa ɗan ruwa a gindin kafireta da inda manifol, bututun da ke kai mai da iska daga kafireta, ya haɗu da kan inji ka saurari ko murya za ta sauya. Wasu da fetur suke yi. A garejina ban yarda ba.

Wuta lafiya, iska lafiya, silindar kuma har yanzu a mace? Kafin ka ce wa mai mota a sauke inji, buɗe murfin sama da safe injin na sanyi ka auna bawul: tsakanin na shigar mai 0.10 na milimita, na hayaƙi 0.25. Tsohon inji bawul ɗin hayaƙinsa kan nutse a mazauninsa, tsakanin ya ƙare, ya daina rufewa ruf. Aikin minti ashirin ne, amma an sha karɓar kuɗin ringi a kansa, Allah ya kiyashe mu da cin haram. Bayan nan ne za ka ɗaura gejin matsi, fulogi duk a waje, totur a buɗe. Silindar da ta gaza 'yan'uwanta sosai, zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ka sake gwadawa. Ta tashi, ringi ne. Ba ta motsa ba, bawul ne. Biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gaskit ya ci a tsakaninsu.

Kafireta tana da ranarta, ban ce ba ta laifi ba. Motar da ke yawon kasuwannin ƙauye tana shan man galan a bakin hanya, ga ƙurar hunturu, dole jet ɗin sulo, 'yar kafar da mai ke bi, ya toshe wata rana. In ka kai nan, da iska za ka busa shi, kada in ga ka zura masa waya.

Ita wannan ta mai hatsin, tun jiya da ka shigo da ita na ji muryarta daga inda nake kwance, kuma ina da wadda nake zargi a cikin huɗun. Ba zan faɗa maka ba. Ɗauki filaya, je ka tayar da ita, ka dawo ka gaya mini lambar.