Amsa ga mai tambaya kan canza taya ɗaya a motar da ƙafafunta huɗu ke ja

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri. Ka ce ka faɗa rami a wajen Kwangila, tayar gaba ta tsage a gefe, mai faci ya ce ba ta gyaruwa, motarka kuma irin wadda aka rubuta AWD a bayanta ce, wato mai jan ƙafa huɗu, kana son sanin ko za ka iya sayen sabuwa guda ɗaya tunda sauran ukun suna da sauran zane. Mai facin ya gaya maka gaskiya, domin tsagar gefe ba ta karɓar faci. Hujin da ke kan zane kaɗai ake gyarawa, shi ma idan faɗinsa bai wuce milimita 6 ba. Batun sayen guda ɗaya kuwa, na daɗe ina riƙe da irin wannan mota, kuma abin da zan ce maka shi ne kada ka fitar da ko kwabo sai an auna ukun da suka rage, domin awon ne zai yanke hukunci, ba ido ba.

Dalili shi ne, taya tana ƙanƙancewa yayin da take cinyewa. Sabuwar tayar ƙaramar mota takan zo da zane mai zurfin kusan milimita 8, kuma duk milimita ɗaya da kwalta ta ci yana rage tsawon kewayen tayar da fiye da milimita 6. Ɗauki lamba 225/65R17, wadda ake gani a RAV4 da CR-V da yawa. Kewayenta tana sabuwa kusan santimita 227 ne, tana juyawa kusan sau 440 a kilomita ɗaya. Idan ta cinye milimita 4, wato rabin zanenta, sai ta ƙara juyi kusan biyar kafin ta cika wannan kilomitar. Daga nan Zariya zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, bambancin ya kai juyi ɗari huɗu tsakanin sabuwar da tsofaffin. A motar da ƙafafun gaba kawai ke ja, wannan ba wani abin tayar da hankali ba ne. A taka kuwa akwai na'ura tsakanin gaba da baya wadda aikinta shi ne ta lura da ƙafar da ta fi wata gudu, ta ɗauka santsi ne ko yashi, sai ta kama ta tura ƙarfi ɗaya ɓangaren. An ƙera ta ne don ta yi wannan aiki na ɗan lokaci, a kwana ko a cikin laka, sannan ta huta. Idan tayoyin ba su daidaita ba, ba ta da hutu ko a miƙaƙƙiyar hanya, kamar a haɗa babban sa da ɗan maraƙi a garma ɗaya. Man cikinta ya yi ta ɗaukar zafi, faifan da ke kamawa su yi ta gogewa, kuma ba a rana ɗaya ɓarnar ke bayyana ba.

Na ga ƙarshen irin wannan a wani gareji a Sabon Gari, a motar wani abokin aikina da ya yi watanni yana yawo da sabuwar taya ɗaya cikin sudaddu uku. Abin da ya fara ji shi ne gurnani daga baya idan ya karya sitiyari gaba ɗaya zai yi kwana a hankali, motar tana fizga kamar ana riƙe ta. Da bakanike ya kwance ƙusar man aksul ɗin baya, abin da ya zubo cikin kwano baƙi ƙirin ne, yana ƙauri, da ɗan ƙyallin garin ƙarfe a ciki. Kuɗin da ya kashe a gyaran ya fi na tayoyin da ya ƙi saye.

Motocin ba su zama ɗaya ba wajen haƙuri da wannan bambanci. Subaru, wadda ƙafafunta huɗu ke ja a kowane lokaci, tana cikin masu tsanani, domin ƙa'idar da aka sani a kanta ita ce kada bambancin kewaye ya wuce rubu'in inci, kusan milimita 6. RAV4 daga ƙirar 2006 zuwa sama ta fi dogara da gaba, sai an buƙata take haɗa baya, saboda haka ta fi sauƙin kai, amma wannan ba lasisin sakaci ba ne. Hilux da ire-irenta, waɗanda direba ne ke saka giyar ƙafa huɗu da hannunsa, baya kawai ke ja a kan kwalta, don haka maganar ba ta shafe su sosai ba. Littafin motarka shi ne alƙali, kuma ana samunsa a intanet idan bai zo da ita ba. Ga sauran 'yan uwa da ke karantawa, Highlander da Venza da RX 350 suna zuwa iri biyu, kuma rubutun bayan mota ana iya liƙa shi. Ku leƙa ƙarƙashi, idan babu farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi zuwa ƙafafun baya, taku mai jan gaba ce kawai, sai dai in mai haɗa fetur da lantarki ce.

Awon ba shi da wahala. A fara daidaita iska a dukkan tayoyin bisa lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba bisa abin da mai faci ya saba bugawa ba, domin da yawansu sukan cika iska fiye da kima, kuma iska ita kanta tana canza yadda taya ke juyawa. Sannan a ɗaga motar da jak, a zagaya tsakiyar zanen kowace taya da tef. Tef ɗin tela ba zai kai ba, santimita 150 ne kawai, sai a nemi na magina, ko a zagaya da igiyar da ba ta miƙewa a auna ta daga baya. A yi wa tayar da za ka saya irin wannan awon bayan an ɗaura ta a kan ƙarfenta an ba ta iska, kuma ka yi sharaɗi da mai shagon tun farko cewa idan awo bai yi ba za ka mayar.

Idan ukun nan ba su daɗe ba, zanensu bai gaza na sabuwa da fiye da milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba (a Subaru, milimita ɗaya kawai), sayi guda ɗaya hankalinka kwance, amma ta zama kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, lamba ɗaya da sauran. Wannan sharaɗi ne da mutane ke rainawa, alhali tayoyi biyu na kamfanoni daban suna iya ɗaukar lamba ɗaya a gefe amma girmansu ya bambanta. Idan kuwa sun kusa kai ɗan tudun da ke cikin ramin zane, wanda ke nuna saura milimita 1.6, to dama lokacinsu ya yi, ka daure ka canza huɗun. Sayen biyu yana daidaita hagu da dama ne kawai, bambancin gaba da baya yana nan.

Mai wuyar ita ce tsaka-tsaki, kuma ina zaton nan kake. A Amurka akwai masu injin da ke aske sabuwar taya har ta yi daidai da tsofaffin. A nan abin da ke hannunmu shi ne tayar Beljiyam, kuma wannan yana cikin wurare kaɗan da nake ganin ta fi sabuwa dacewa, muddin an zaɓe ta da idon basira. Nemi irin taka sak, mai zane daidai da naka. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar, waɗanda ke nuna mako da shekarar ƙira. 2321, misali, mako na 23 ne na shekarar 2021, kuma ni ba na ɗaukar wadda ta haura shekara biyar ko shida. Sa hannu a cikinta ka shafa ko akwai faci kusa da gefe, ka duba ƙananan tsagu a jikin robar, ka kuma kula da wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa, wadda za ka gane ta da kaifin bakin ramin da rashin wancan ɗan tudun.

Kafin ka samu, idan safayarka ƙaramar nan ce siririya, kada ka wuce gudun kilomita 80 da ita, kuma kada ka hau hanyar Kano ko Kaduna a kanta. Bayan an gama, riƙa sauya wa tayoyin wuri duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 don su cinye tare. Idan ka auna, turo mana lambobin tare da sunan motar da shekararta, sai mu duba wacce cikin hanyoyin nan uku ta dace da kai.