Wane abin sha ya dace da ƙaramar walimar aure?

'Yar uwa, Allah ya sanya alheri. Kin ce baƙinku ba za su wuce mutum 30 ba, kina kuma son kawo wayin, wato ruwan inabin kwalba, mara giya amma kina tsoron yin kuskure.

Ki fara da karanta jikin kwalbar. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa gas, irin su Eva, wanda bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma wanda giya ce aka yi tukuna aka cire mata sinadarin maye, shi kuwa yakan rage da ɗan kaɗan, har zuwa 0.5%. Ni dai na farkon nake saya, hankalin kowa a kwance. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Kwalba mai 75cl tana cika ƙananan kofuna biyar zuwa shida, kin ga kwalba 7 ta wadatar a zagaye kowa, har da ragi. Ki sayo duka kala biyu, fari da ja. Farin ya fi tafiya da kaza da soyayyar shinkafa, jan kuma da naman rago.

Amma don Allah kada kwalabe su kori zoɓo. Wanda ya ji citta da kanumfari da ɓawon abarba, ya yi sanyi ƙarara, shi ne ake komawa a ƙara. Ki ware jug ɗaya mara sukari saboda iyayenmu masu ciwon suga. Kunun aya kuwa sai a ranar za a yi shi, ya zauna cikin ƙanƙara, don zafi na taɓa shi zai yi tsami.