Ajin da ya yi tsit da ajin da ake karatu

Malam, ka tambaya kan malamai biyu a firamaren ƙauyenku: ɗaya mai zafi ne, ajinsa tsit, ɗayan mai wasa da yara, ajinsa kamar kasuwa. Wa yara suka fi ƙaruwa da shi?

Kada ka yanke hukunci daga taga. Mai bulala yana samun shiru, amma kuskuren yaro ya ɓace masa, alhali da kuskuren ake gane inda za a gyara. Yaron da ya san za a zane shi in ya karanta "ɓera" a matsayin "bera" ba zai ɗaga hannu ba. Bayan aji zai koma, ya riƙa motsa baki in ana amshi. Malam ya ce "Kun gane?", aji ya ɗauka "Eh, malam!", kuma 'yan gaba ne kaɗai ke kallon harafin, sauran sauti suke bi. A makarantar allo ma ana karatu da ƙarfi, sai dai can kowa yana biya allonsa gaban malam kafin ya wanke. Wannan biyawar ce ke yawan ɓacewa a boko.

Mai wasa kuwa lokaci yake asara. In kashi ɗaya cikin uku na darasin ya tafi a "ku zauna, ku yi shiru", fara'arsa ba ta amfani kowa ba.

Ga yadda za ka auna. Ɗauki yara 5 daga layin baya na kowane aji, har da mata. Ba su takarda mai haruffa, da kalmomi, da gajeren labari wanda ba a taɓa rubutawa a allo ba, kowa ya karanta shi kaɗai. Irin gwajin da shirin KaLMA, na inganta karatu da lissafi a firamare, ya yi aiki da shi ke nan a Wudil da Dawakin Tofa ta jihar Kano, ana raba yara gwargwadon abin da suka iya.

Sannan ka zauna a darasi ɗaya. Bayan tambaya, malamin yana jira ya ƙirga biyar a zuci, ko shi ke ba kansa amsa? Yana kiran sunan wanda bai ɗaga hannu ba? In yaro ya yi kuskure, "daƙiƙi" yake cewa ko "sake duba harafin farko"? Ka kuma lura da yadda yake karɓar yaron da ya yi mako a gona lokacin kaka. In duka ne maraba, gobe ma gonar zai koma.