Mene ne polima mai fitar da haske mai murɗawa?

Ka tambaya mene ne wannan polima (wato doguwar sarƙar ƙwayoyin sinadari, irin wadda ake yin roba da ita), kuma me ya sa ake ta bincike a kanta. Ɗan'uwa, fara da duba hannuwanka. Na dama da na hagu kamarsu ɗaya, amma safar hannun dama ba ta zama daidai a hagu. Akwai ƙwayoyin sinadarai masu irin wannan hali, Louis Pasteur ya gano hakan tun 1848. Idan sarƙar polima mai fitar da haske ta jeru a murɗe gefe ɗaya kamar igiya, hasken da take fitarwa shi ma yakan tafi yana juyawa, ko dama ko hagu.

Amfanin yana cikin wayarka. Allon OLED, wato irin allon da ke fitar da haskensa da kansa, na da siririn mataci da ke hana hasken waje dawowa idonka, sai dai matacin nan yana cinye kusan rabin hasken allon kansa. Asarar batir ce zalla, kuma abin haushi ne. Hasken da ya riga ya murɗe ta ɓangaren da ya dace kuwa yana wucewa kusan gaba ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarfin murɗawar. Ana auna shi da lambar g, daga -2 zuwa +2 (sifili na nufin babu murɗawa, 2 kuma cikakkiyar murɗawa), amma yawancin ƙananan ƙwayoyin sinadarai ba sa wuce 0.01. A 1997 masana a Eindhoven ta ƙasar Holan suka nuna irin wannan haske daga polima ta hanyar sa mata lantarki. A 2013 wasu a Imperial College ta Landan suka gauraya wata polima mai fitar da haske da ake kira F8BT da helisin, ƙwaya mai siffar murɗaɗɗen sukuru, suka kai kusan 0.2.