Tambaya da Amsa: Me Ya Kai Obama Indiya Lokacin Bikin Diwali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Akwai wani tsohon bidiyo da ke yawo a WhatsApp, wai da jam'iyyar Obama ta sha kaye a zaɓen majalisa na 2010, sai ya garzaya Indiya daidai lokacin bikin fitilu na mabiya Hindu don bokayensu su yi masa aiki. Har an nuna shi yana rawa. Gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Mene ne gaskiyar magana? Daga mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tafiyar ta faru, rawar ma ta faru. Maganar bokaye ce ba ta da tushe.

An yi zaɓen ranar 2 ga Nuwamba 2010, Obama ya sauka Mumbai ranar 6, washegarin babban daren Diwali. To amma tun watanni kafin zaɓen aka sanar da ziyarar, don rama wadda Firaministan Indiya na lokacin, Manmohan Singh, ya kai masa a 2009. Wanda bai san zai faɗi ba, ta yaya zai sa ranar neman maganin faɗuwa? Kuma Indiya zangon farko ce kawai. Daga can ya wuce Indunusiya, sai Koriya ta Kudu don taron G20 na ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, ranar 11 da 12 ga watan, sannan Japan don wani taron. Waɗannan tarukan ne suka tsara masa kwanaki.

Shi kuwa Diwali na san shi ido da ido, domin a Indiya na yi karatu. Gidan da nake haya, matar mai gidan takan kwana biyu tana shara da goge-goge. Da magariba sai ta jera 'yan ƙananan kasake na yumɓu a bakin ƙofa da kan katanga, ta zuba mai, ta murza auduga ta yi lagwani, tamkar aci-bal-bal ɗin kakanninmu. Yara na ta fasa abin tartsatsi har hayaƙi ya rufe unguwa, ni kuma a miƙo mini kwalin alewa. Suna tunawa da dawowar Rama, ɗaya daga cikin waɗanda suke bauta wa, garin Ayodhya bayan shekara 14 a gudun hijira, suna kuma bauta wa Lakshmi, wadda suka ɗauka allahiyar arziki, shi ya sa 'yan kasuwa ke buɗe sabon littafin lissafi a ranar. A aƙidarmu wannan bauta shirka ce, ban taɓa ɓoye musu hakan ba, kuma ban taɓa shiga ba. Amma addininsu ne da suke yi a fili, ƙofa a buɗe, ba tsafin ɗaki mai duhu ba.

Rawar da ka gani a wata makarantar Kiristoci aka yi ta a Mumbai, ɗalibai ne suka jawo matarsa Michelle, shi ma ya bi, gaban 'yan jarida. Ya kwana a otal ɗin Taj, ɗaya daga cikin wuraren da aka kai harin 2008 da ya kashe mutum 166 a birnin. Abin da ya je nema ya faɗa da bakinsa: cinikin kusan dala biliyan 10, sannan a majalisar dokokin Indiya ya goyi bayan a ba ƙasar kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka taso da jin cewa Indiya gidan aljanu ce, har da tatsuniyar nan ta wasan ƙwallon da wai suka ci Najeriya 99 da 1, wasan da ba a taɓa bugawa ba. Da wannan ne 'yan damfara ke cutar mutanenmu, su ce suna da "malamin Indiya". Na san wata baiwar Allah da ta sayar da ɗan kunnenta na zinari ta tura kuɗin, har yau ko lambar wayar ba ta shiga.