Zane ai a gida ka tarar da shi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce abokanka na yi maka tsiya, wai zanen da kake koyo aron Turawa ne, kana tambaya ko yana da gurbi a al'adarmu. To wa ya yi zayyanar allonka ran da ka yi sauka? Dagin da ke ƙofar zauren kakanka fa, da aska takwas ta rigarsa, Bature ne ya zana su?

Bari in ba ka labarin Ibrahim El-Salahi, mutumin Sudan. A Umdurman aka haife shi, 1930, mahaifinsa malamin allo ne, don haka da tawada da alƙalami ya buɗe ido. A 1954 ya tafi makarantar Slade a Landan, ya iya zanen Turawa sarai. Da ya komo Khartum ya baje kolinsa, mutanen gari ba su ga kansu a ciki ba. Bai ce musu jahilai ba, nan ya burge ni. Sai ya koma kan harafin Larabci da adon da mutane suka saba gani a gidajensu, yana jan harafi yana lanƙwasa shi har fuska ko tsuntsu ya fito daga ciki. Launinsa ma na ƙasar ne, baƙi da fari da ruwan ƙasa.

A 1975 gwamnatin Numairi ta tsare shi a kurkukun Kober wata shida, ba shari'a. A can yakan yi zane a 'yan guntayen takardar buhun siminti, ya binne a yashi kada gandirobobi su gani. Bayan nan ya zauna a Katar, daga baya Ingila, kuma a 2013 gidan nune-nunen zane na Tate Modern da ke Landan ya baje aikin rayuwarsa.

Abin da na fi so cikin aikinsa shi ne zanensa na itacen haraz. Gawo ne fa, wannan dai na gonarmu, mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani.

Batun zana mai rai kuwa, malamai sun yi magana a kai, je ka zauna da malaminka, ni ba mai fatawa ba ne. In za ka zo da Sallah ka taho da zanenka in gani. Allonka na zayyana yana nan rataye a ɗakin gwaggonka.